Tafiyata Matameye da Nonon Barira

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, mu uku mata da direba, a cikin wata tsohuwar mota da sai an ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Ni tela ce, a unguwarmu nake ɗinki. Labari ne ya iso makarantarmu ta islamiyya cewa wasu mata sun tsallako daga Najeriya da 'ya'yansu, 'yan bindiga sun tashe su daga garuruwansu, sun sauka a wani ƙauye gaba da Matameye, ta wajen Dungu. Sai muka haɗa abin da ya sawwaƙa, zannuwa da sabulu da ɗan gero, ni kuma na ɗinka rigunan jarirai da ƙyallayen da suka rage a shago. Aka ce mu ukun mu kai. Niyyarmu mu sauke kaya, mu yi musu sannu, mu juyo kafin magariba.

Tun da sojoji suka karɓi mulki shingaye suka ƙaru a hanya. A na bakin gari wani jandarma ya karɓi katunanmu, ya ce a kwance buhu ɗaya ya gani. Ya sa hannu fuska a ɗaure, sai ya zaro wata 'yar riga mai ruwan ɗorawa wadda ba ta fi tafin hannunsa biyu ba. Ya ɗaga ta sama yana juyawa, bindiga na rataye a kafaɗarsa, har dariya ta kufce masa. Ya ce matarsa ma watanta ya kama. Ya ninke rigar da kyau ya mayar, ya yi mana fatan sauka lafiya.

Daga Tirmini zuwa Takeita kowa a motar gonaki yake kallo. Bana ruwa ya ɗauke gero na shirin fid da kai, karan ma bai kai ƙugun mutum ba, kuma wanda ya tsaya an sare an kai gida saboda dabbobi. Ƙasa ce fili fetal. Shanun da muka wuce kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A Takeita muka karya da shayi da ƙosai, amma ƙosan ya ƙanƙance har ɗaya daga cikin abokan tafiyata ta ce wa mai suyar da ta sani da ta taho da tabaronta. Mai ƙosai ta ce ta je ta tambayi kuɗin wake, in ta dawo sai su yi magana. Direba kuma ya sha man kwalba yana ƙunƙuni, wai tun da aka rufe iyaka man ya zama kamar turare.

Da muka karya kudu ta Kance sai ido ya ɗan huta. Itatuwan gawo sun cika gonaki, kore shar a tsakiyar rani, awaki na tsintar 'ya'yan a ƙarƙashinsu. A Matameye ga rake an jingine dami-dami, ga kabeji da albasa daga lambuna, amma wajen masu hatsi jama'a tsaye suke kawai, tiyar gero ta kusa ninka kuɗinta na bara. Ana ciniki da sefa, ana ciniki da naira. Abin da na lura shi ne kasuwar mata ce da tsofaffi da yara. Majiya ƙarfi sun tafi cirani tun kafin lokacin da suka saba.

Muka bar kwalta muka kama hanyar yashi. Sau biyu muna sauka muna tura mota, mu da ba mu taɓa tura ko amalanke ba. Rana ta take muka isa.

Ni a zatona zan tarar da sansani ne, tantuna jere kamar yadda ake nunawa a talabijin. Babu ko ɗaya. Gidajen ƙauyen ne suka haɗiye baƙin. Mazan gari suna Kano, suna Ikko, suna Fatakwal, ɗakunansu a rufe, sai matan suka buɗe suka sa baƙi a ciki. Na tambayi wata matar gida ko mijinta ya sani. Ta ce ta gaya masa a waya, ya ce in ya dawo zaure ya ishe shi. Kuma waɗannan mutanen rumbunansu ba su kai rabi ba. Wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, a haka suka ƙara baki biyar, baki shida.

Aka kai mu wurin Madam Zuwaira, ma'aikaciyar jinya, ita ce majo, wato shugabar ƙaramar likitar ƙauyen, ɗan asibitinsu ke nan. Gajera ce, ba ta da jiki, ta sa farar riga ta goya 'yarta a kai, wata lukutar yarinya mai kumatu da ba ta fara tafiya ba. Mutanen gari suna ce mata Madam, baƙi suna ce mata Malama, duk tana amsawa. Da safe tana duba marasa lafiya, da rana ta yi sanyi ta ɗauki jakarta ta bi gida-gida, ta auna dantsen yara, ta taɓa cikin masu ciki, ta tambayi kowace mai jego abin da ta ci. Ta hana mu tara mata a fili mu raba kaya. Ta ce matan nan da gidajensu da rufin asirinsu jiya-jiya, ba za ta sa su miƙa hannu a gaban jama'a ba. In muna so mu biyo ta, a ba kowa a ɗakinta.

Haka muka bi ta. A gida na huɗu ko na biyar muka tarar da Barira.

Yarinya ce da ba za ta haura ashirin da biyu ba, tana zaune a ƙofar ɗaki ta zura wa bango ido. Gefenta uwar mijinta, wata doguwar tsohuwa da kowa ke ce wa Inna, tana riƙe da jariri tana ɗiga masa wani farin ruwa-ruwa da cokali. Na sha ganin jarirai, amma ban taɓa ganin mai fuskar tsoho irin wannan ba. Fatar cinyarsa ta yi yawa, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Wata biyu da haihuwa, in ji su.

Madam Zuwaira ta zauna a tabarma ta gaishe su a tsanake, har da tambayar gajiya da baƙunta, sannan ta nemi jin labari. Jiya suka iso daga wani ƙauye da suka fara sauka. Inna ce ta yi bayani. Da safe aka shigo musu gari a kan babura. Ɗanta, mijin Barira, ya fita gona tun kafin nan, har yau babu labarinsa. Ita ta ja surukarta da ɗanyen jego suka faɗa daji. Barira ta taɓa haihuwa sau biyu, duka yaran suna kan nono suka koma. Da wannan ya fara zawo a hanya sai matan da suke tare suka ce a gwada nonon. Aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, tururuwa ta mutu. Aka ce mugun nono ne, shi ya kashe na farko da na biyu. Tun ranar Inna ta raba shi da mama, tana ba shi nonon akuya da ruwa in an samu, in ba a samu ba ruwan kunu. Yanzu ma nonon Barira ya ƙafe.

Na san wannan gwajin, kakata ma ta yarda da shi. Na jira in ji Madam ta fara faɗa, ta ce jahilci ne. Ba ta ce ba. Ta duba yaron, ta ce babu zazzaɓi, zawon ya tsaya, kuma da ta sa masa ɗan yatsa a baki ya kama ya tsotsa. Ta ce da ya kasa tsotso da yanzun nan za ta nemi mota zuwa Matameye. Sai ta kwance 'yarta ta ɗora wa Inna a cinya, ta tambaye ta ko ta ga alamar ciwo a jikinta. Inna ta ɗaga yarinyar ta ji nauyi, ta ce tubarkalla, wannan ai ta ƙoshi. Madam ta ce a ba ta ludayi. Ta juya baya ta tatsa nata nonon, ta ajiye a gaban tsohuwar.

"Inna, wannan shi 'yar nan take sha tun ranar da aka haife ta. Ki kamo tururuwar da hannunki ki gwada mini nawa."

Matan gidan suka matso. Inna ta kamo tururuwa a gindin bango ta saka. Muka zuba ido. Ta yi iyo, ta yi iyo, ta kewaya bakin ludayin, ta ƙame. 'Yar Madam kuwa tana ta jan ɗankwalin tsohuwar tana dariya.

Abin da Inna ta yi bayan nan ba wanda ya sa ta. Ta zubar, ta ɗauraye ludayin, ta zuba nonon akuyar da take ba jikanta, ta kamo wata tururuwar ta jefa. Ita ma ta mutu. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ludayin.

"Ashe ni na hana shi abincinsa," in ji ta, a hankali.

"Ke kika kawo shi nan da rai, Inna," in ji Madam. "Yanzu ki taya ni mu mayar masa da shi."

Barira kuwa a karon farko ta ɗauke ido daga bango.

Aka ɗauke su zuwa likita, aka ba su ɗan ɗakin da masu haihuwa ke hutawa. A nan na ga abin da ban taɓa ji ba. Madam ta dama wata madara ta musamman ta jarirai masu tamowa a kofi, ta ɗauko wani siririn tiyo kamar tsinken tsintsiya, ta manna bakinsa ɗaya a kan nonon Barira, ɗaya bakin a cikin kofin. Yaro ya kama mama, ya tsotsa, madara ta biyo tiyo ta shiga bakinsa. Shi a ganinsa uwarsa ce ke ba shi. Madam ta ce jikin uwar ma haka zai ɗauka, in ana tsotso zai tuna aikinsa. Amma sai an riƙe kofin daidai, kada ya yi sama yaro ya shaƙe, kada ya yi ƙasa ya gaji, kuma sai an maimaita sau da yawa a yini. Ita ga layin marasa lafiya na jiranta, mataimakiyarta ta tafi rigakafi ƙauyuka, hannun Inna kuma rawa yake. Ta dube mu ukun, ta ce wace ce mai hannun da ba ya karkarwa. Abokan tafiyata suka nuna ni, wai mai zura zare a allura.

Da la'asar direba ya fara danna oda. Na ce su tafi, su gaya wa maigidana zan biyo motar kasuwa. Ban san zan faɗi haka ba sai da na ji na faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya aikina riƙon kofi. Inna aka ba ta aikin dama wa Barira kunu da gasa mata baya da ruwan ɗumi, ta kuwa riƙe shi kamar ibada. Matan gari suna aiko da abin da suke da shi, wata ɗan ƙuli-ƙuli, wata zogale, wata ƙwai ɗaya a ƙulle a bakin zane. Abincina tuwon gero da miyar kuka da ba ta ga mai ba, kuma ban taɓa jin kunyar ƙoshi irin ta lokacin ba, don na san daga bakin wani aka rage. Yaro ya fara buɗe ido, kukansa ya ƙara ƙarfi. Amma nono bai zo ba. Kullum Madam ta matsa, babu ko ɗigo. Barira ta fara cewa a ƙyale ta, ita jikinta ya mutu.

Ni na fara lura da abin, don ni ke zaune gab da ita. Likitar a bakin hanya take, kuma duk lokacin da ɗan kabu-kabu ya wuce a kan babur sai jikin Barira ya sandare, ta ƙanƙame yaron har ya saki mama, idonta ya koma ƙofa. Kafin ta dawo hayyacinta wani babur ya sake tahowa. Na gaya wa Madam. Ta tsaya ta gani da idonta sau ɗaya, ta gyara goyonta ta nufi ƙofar maigari.

Ban san abin da ta gaya musu ba. Na dai san washegari da hantsi na ji garin ya yi tsit, na leƙa ta taga. Wani ɗan kabu-kabu ne ya kashe mashin tun daga gindin tsamiyar da ke nesa da mu, ya sauka, fasinjansa ma ya sauka, suna turawa cikin yashi, ga buhu a baya, ga rana. Sai da suka wuce rijiya ya tayar. Bayan shi wani, bayan shi wani. Samari masu gaggawar neman na abinci, mai ya yi tsada, kowane fasinja da muhimmanci, suna gumi suna tura babur saboda wata baƙuwa da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Har wani soja da ya zo wucewa ya ga abin da ake yi, ya tambaya, aka gaya masa, ya kashe nasa ya tura. Na kira Barira na ce ta zo ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da kuka, kukan da Inna ta ce ba ta yi ba tun ranar da suka baro gida. Madam ta ce a bar ta ta yi.

Ranar ta yi barcin rana mai nauyi. Ta fara hira kaɗan-kaɗan, ta ba ni labarin tukunyar da ta bari a kan wuta, da yadda mijinta yake son ɗanwake. Madam kuma ta ce in riƙa sauke kofin ƙasa kaɗan, don yaron ya ƙara jan mama.

Ran nan da safe ina riƙe da kofi sai na ga madarar ba ta raguwa kamar kullum, amma yaron yana ta haɗiya, ana jin ƙarar maƙogwaronsa. Na zaci tiyon ne ya toshe. Na ɗaga kai zan kira Madam, sai na ga gaban rigar Barira ta ɗaya ɓangaren ya jiƙe, ruwa na bin zanenta yana ɗiga a tabarma. Ita ma kallonsa take, bakinta a buɗe. Inna ta shigo da kwanon kunu, ta gani, ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta fuskanci gabas ta kai goshinta ƙasa.

Madam ta zo ta duba, ta matsa, farin nono ya fito. Ba ta yi wata murna mai yawa ba. Ta ce alhamdu lillahi, amma kada a cire tiyo tukuna, za a riƙa rage madarar ne sannu-sannu ana auna yaron. Daga nan ta wanke hannu ta koma wurin wata mai ciki da ke jiranta. Ni da nake ganin abin kamar an tayar da matacce, ita a wurinta aikin safiya ne, akwai saura.

Ranar kasuwa na yi sallama. Na ɗauki yaron in yi masa addu'a, sai na tuna duk zaman nan ban ji an kira shi da suna ba, daga "ɗan nan" sai "yaron". Na tambaya. Inna ta ce an raɗa masa suna tun a gida, ita ce ta hana a kira, don ba ta so bakinta ya saba da sunan da za ta daina faɗa.

"Sunansa Isiyaku," in ji ta. Ta sake cewa, "Isiyaku," tana leƙa fuskarsa, kamar mai ɗanɗana abu.

Na biyo motar 'yan kasuwa zuwa Matameye, a matse tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji. A tasha na sayi rake na tsaraba. Hanya tana nan yadda muka bar ta, gonaki fayau, shingaye, a sauka a nuna kati a hau. Na shiga gida ana kiran la'asar, yara suka yi kaina, maigidana ya ce ya zaci Dungu ta yi sabuwar tela.

Bayan 'yan makonni na kira Madam Zuwaira. Ta ce an cire tiyo, Isiyaku na kan nonon uwarsa shi kaɗai, sun koma gidan da aka sauke su. Mijin Barira har yanzu shiru. Hatsin ƙauyen kuma ba zai kai damina ba, ta faɗa mini haka ba ɓoye-ɓoye, kafin ta ce in yi haƙuri ana ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Masu tambayata abin da na gano a tafiyar nan, ga shi. Na ga yunwa, na ga tsoron da yake iya ƙafar da nonon mace. Na kuma ga ana warkar da mutum ba tare da an kunyata shi ba, na ga gari guda ya rage sautinsa don jariri ya ci abinci. Mutanen da suka yi wannan ba su da abin da za su ci wata mai zuwa, kuma ko ɗaya a cikinsu ban ji ya kira abin da suna taimako ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa, Ya raya Isiyaku.